Kafin Ka Sayi Ekstenda: Yadda Ake Kai Wi-Fi Ɗakin Da Ba Ya Kaiwa

Idan a gidanku akwai rawuta ko MiFi, na tabbata ka san wurin da kowa yake zuwa ya raɓe idan zai sauke abu mai nauyi. A wasu gidajen bakin ƙofar falo ne, a wasu kuma ƙarƙashin tagar ɗakin Baba. A falo bidiyo na tafiya sumul, amma da ka shiga ɗakinka ka turo ƙofa sai abin nan ya fara juyawa a tsakiyar fuskar waya, saƙon WhatsApp ya tsaya da alamar agogo. Kuɗin data kuwa an biya su cif.

Shawarar da aka fi ba mutane ita ce su sayi ekstenda, wato 'yar na'urar nan da ake sokawa a soket don ta ƙara wa Wi-Fi nisan zango. Shawara ce mai kyau, sai dai rabinta ake faɗa. Ni ma na saya, kuma sai da na yi kwana uku ina ganin an cuce ni kafin na gane inda matsalar take.

Ɗakina yana soro, dab da ƙofar gida. Rawutar kuma tana can ciki a falon Umma, tsakaninmu akwai tsakar gida da bango uku na bulo. Da na je sayen ekstendar na tambayi mai shagon, "Malam, a ina zan sa ta?" Ya ce, "Yallaɓai, kai dai ka soka ta a ɗakin da ba ka da sabis, za ka ga ya cika." Ya kuwa cika. Sandunan Wi-Fi suka hau har sama, na kwanta ina murna. Washegari ina da ganawa ta bidiyo da wani mutum da zai ba ni aikin gina wa shagonsa manhaja. Murya na yankewa, hoto na daskarewa, sai "kana ji na?" muke ta yi wa juna. Ƙarshe ya ce mu bari sai wani lokaci, kuma wani lokacin bai zo ba har yau.

Ekstendar lafiyarta ƙalau. Ita ce dai nake amfani da ita yanzu haka. Abin da ya canza kawai shi ne soket ɗin da take ciki.

Ɗan aike ce, ba rijiya ba

Ekstenda ba ta samar da intanet. Ba a sa mata layi, ba ta san kamfanin sadarwarka ba, ba ta kuma ƙara wa data gudu. Aikinta ɗaya ne: ta saurari rawuta ta maimaita wa wayarka, sannan ta saurari wayarka ta maimaita wa rawuta.

Ka ɗauka Baba yana zaure, Umma tana kicin, muryarsu ba ta kai wa juna. Sai aka tsayar da yaro yana karɓar magana daga nan yana miƙa wa can. Idan yaron ya tsaya a tsakar gida, inda yake jin kowa sosai, saƙo zai tafi daidai. Amma idan ya je ya tsaya a gefen Umma cikin kicin, shi ma ba ya jin Baba sai sama-sama. Umma za ta ji muryar yaron raɗau, to amma me zai gaya mata? Guntun abin da ya tsinta, ko kuma ya yi ta cewa "Baba me ka ce?"

Abin da ya faru a ɗakina ke nan. Sandunan da wayarka take nunawa ba ƙarfin intanet suke aunawa ba. Ƙarfin haɗin da ke tsakanin wayar da na'urar da ta kama kawai suke nunawa. Ekstenda tana kusa da kai, dole su cika. Abin da ke tsakanin ekstenda da rawuta kuwa wayarka ba ta ganinsa, kuma a can ne gudun yake mutuwa.

Akwai abu na biyu da misalin yaron yake nuna mana. Ba zai iya sauraro da magana a lokaci guda ba, sai ya ji sannan ya faɗa. Haka Wi-Fi yake: a kan tasha ɗaya, na'ura ɗaya ce take magana a lokaci guda, sauran suna jira. Don haka ekstenda mai zango ɗaya tana kashe rabin lokacinta tana karɓa, rabi tana miƙawa, gudun da zai iso gare ka ya ragu zuwa wajen rabi, ko da an ajiye ta a wuri mai kyau.

Wannan maganar ta rabi tana tsorata mutane fiye da kima, kuma a ganina ga yawancinmu ba ita ce damuwa ba. Wi-Fi ɗin cikin gida ne yake rabuwa biyu, ba intanet ɗin da ke shigowa ba. Misali, a ce layinka yana kawo megabit 10 a daƙiƙa, haɗin rawuta da ekstenda kuma yana iya ɗaukar 40. An raba 40 biyu, saura 20, har yanzu ya fi ƙarfin 10 ɗin da kake da su, ba za ka ji komai ba. Wanda zai ji a jikinsa shi ne mai rawutar 5G ko Starlink ko intanet na kebul mai gudun gaske. Shi kam idan ya sayi ekstenda mai araha, kamar ya haɗa wa babban tanki siririn tiyo ne.

Fara gano inda ciwon yake

Kafin ka fitar da ko sisi, yi wannan gwajin. Tsaya kusa da rawuta, ka kashe datar wayarka, ka buɗe fast.com ko manhajar Speedtest ka auna gudu. Sai ka je ɗakin da ake kuka da shi ka sake aunawa. Kada ka yi ta maimaitawa babu dalili, gwajin kansa yana cin data, kuma iya gudun layinka iya yawan abin da zai ci.

Idan a gaban rawutar ma gudun ba shi da kyau, to ekstenda ba za ta yi maka komai ba. Matsalarka tana tsakanin rawuta da eriyar kamfanin sadarwa, ko cunkoso ne na yamma lokacin da kowa ya hau, ko kuma tsarin data ɗin da ka saya an rage masa gudu bayan ka wuce wani ƙa'idajjen adadi. Maganin wannan shi ne matsar da rawuta kusa da taga, ko gwada layin wani kamfanin. A nan ne ma wasu suke rikita ekstenda da na'urar ƙara ƙarfin sabis ɗin waya, wadda ake kafa wa eriya a saman rufi. Abubuwa biyu ne daban. Waccan siginar kamfanin waya take ƙarfafawa, kuma a Najeriya hukumar NCC ta yi gargaɗi cewa kamfanonin sadarwa masu lasisi ne kaɗai aka yarda su kafa ta, saboda tana iya dagula wa maƙwabta sabis. Ekstendar Wi-Fi ba ta cikin wannan.

Idan kuwa a gaban rawuta gudu na da kyau, a ɗaki ne yake faɗuwa, to ka zo wurin. Yanzu sai ka sauke manhajar da ke auna ƙarfin sigina da lamba, irin su WiFi Analyzer ko WiFiman. Za ka ga lamba da alamar ɗebewa a gabanta, da dBm a bayanta. Iya kusancin lambar da sifili, iya ƙarfin sigina. Daga -30 zuwa -50 kana kusa da rawuta, komai lafiya. Wajen -60 har yanzu da kyau. -67 ita ce iyakar da masu kafa Wi-Fi suka saba ɗauka don kiran murya da na bidiyo. Da ka wuce -70 za ka fara ganin tsaiko, a -80 kuwa sai dai sunan kana haɗe.

Lambobin nan suna da yaudara, don tazararsu ba irin ta kuɗi ba ce. Duk raguwar 3 tana nufin ƙarfin ya rabu biyu, duk raguwar 10 kuma ya koma kashi ɗaya cikin goma. Ke nan -70 ba "ɗan ƙasa" da -50 ba ne, ya gaza shi sau ɗari. Riƙe wayar ka zagaya gidan a hankali kana kallon lambar. Cikin minti goma za ka san gidanku fiye da yadda ka san shi a da: za ka ga bangon da yake cinye sigina, da ƙofar da take barinsa ya wuce.

Wani lokacin wannan zagayen kaɗai ya isa. Rawutoci da yawa an cusa su ne a bayan talabijin, ko a ƙasa kusa da soket, ko cikin durowa don kada yara su taɓa. Ɗaga ta sama, kan kabad ko a rataye a bango, a ɗakin da ya fi zama tsakiyar gida, eriyoyinta a tsaye. Sigina ba ta bakin eriya yake fita kamar hasken tocila ba, ta gefe yake bazuwa, kamar ka soka sanda a tsakiyar faifai. Eriya a tsaye tana watsa shi cikin ɗakunan da ke hawa ɗaya, idan kuma bene ne sai a kwantar da ɗaya don na sama su samu. Na san gidan da matsar da rawuta daga ƙasan tebur zuwa saman ƙofa ya kashe maganar sayen ekstenda gaba ɗaya.

Abin da ke cinye sigina a gidajenmu

Nisan da ake rubutawa a jikin kwali ba a irin gininmu aka auna shi ba. Gidaje da yawa a Amurka bangon cikinsu katako ne da allo marar kauri, sigina na ratsa su cikin sauƙi. Mu kuwa bulo ne da siminti, ga ginshiƙai cike da rodi, ga ƙofofin ƙarfe, ga rufin kwano. Ƙarfe mayar da sigina yake yi baya, ruwa kuma shanye shi yake yi. Shi ya sa firji, babban madubi da tankin ruwa duk abokan gaba ne. Katangar ƙasa mai kauri ma ba ta da sauƙi, balle ta sha ruwan damina. Kankaren da ke tsakanin ƙasa da saman bene shi ne uban su duka.

Wi-Fi na gida galibi yana tafiya ne a kan zango biyu, 2.4GHz da 5GHz. Na 2.4 ya fi nisa, ya fi ratsa bango, amma gudunsa kaɗan ne kuma cunkoso ya yi masa yawa: Bluetooth a nan yake, na'urar ɗumama abinci ta makirowef a nan take zuba hayaniyarta, ga rawutocin maƙwabta. Tashoshinsa da ba sa hawa kan juna uku ne kacal, 1 da 6 da 11. Idan kana gidan haya ko hostal inda kowane ɗaki da MiFi ɗinsa, duba manhajar ka ga tashar da ta fi sarari cikin ukun nan, ka saita rawutarka a kanta. Na 5 kuwa yana da gudu da sarari, amma bango biyu sun isa su gajiyar da shi.

Kada kuma ka manta magana ce ta mutum biyu. Rawuta tana da manyan eriyoyi da wutar soket, wayarka kuma ƙaramar eriya ce da batiri. Sau da yawa wayar tana jin rawuta, rawutar ce ba ta jin amsar wayar. Wannan ne dalilin da ya sa sayen rawuta mai eriya shida ba kullum yake magance matsalar ɗaki mai nisa ba, kuma shi ne ainihin amfanin ekstenda: tana kawo kunne kusa da wayar.

Wacce za ka saya?

A kasuwa za ka ci karo da TP-Link, Tenda, Mercusys, Xiaomi, Netgear da wasu marasa suna. Ba sai sunan kamfanin ya zo ɗaya da na rawutarka ba, ekstenda ta gama-gari tana aiki da kowace rawuta. Abin dubawa shi ne harafi da lambar da ke jikin kwalin.

N300 na nufin zango ɗaya ne, 2.4 kawai, a kan tsarin Wi-Fi 4 wanda ya fito tun 2009. AC750 da AC1200 zango biyu ne, Wi-Fi 5. Masu farawa da AX kuma Wi-Fi 6 ne. Lambar kanta jimilla ce ta talla: AC1200 shi ne 300 na zangon 2.4 a tara da 867 na zangon 5, aka cike zuwa 1200. Wayarka zango ɗaya take hawa a lokaci guda, don haka ba za ta taɓa ganin 1200 ba, ko 867 ɗin ma a takarda yake. Sannan megabit ake nufi, ba megabait ɗin da kake gani wajen sauke fim ba. Sai ka raba da 8 kafin ka samu wancan.

Ra'ayina shi ne, idan aljihu zai iya, ka tsallake N300 ka ɗauki mai zango biyu. Dalili shi ne za ta iya magana da rawuta a zango ɗaya, ta yi magana da wayoyi a ɗayan, wato sauraro da magana a lokaci guda, matsalar rabin nan ta ragu sosai. Ko da MiFi ɗinka 2.4 kaɗai yake da shi, kamar yadda da yawansu suke, ekstendar za ta karɓa a 2.4 ta ba ka a 5. Amma idan buƙatar ba ta wuce WhatsApp da Facebook da TikTok a waya biyu ko uku ba, N300 za ta yi, kada wani ya sa ka kashe abin da ba ka da shi.

Ka tabbatar tana da ramin sa kebul na intanet a jikinta, zan faɗi dalili a gaba. Ka kuma duba bakinta. A Najeriya da Gana soket mai baki uku irin na Ingila aka fi amfani da shi, a Nijar da Kamaru da Cadi kuma mai baki biyu zagayayye irin na Faransa. Ekstenda jikinta ne yake rataye a soket, idan ka haɗa ta da adafta mai sako-sako za ta yi ta ɗaukewa tana dawowa, kai kuma kana zargin sabis. Idan ta hannu ce da aka shigo da ita daga Amurka, karanta jikinta ka ga an rubuta 100 zuwa 240V kafin ka soka.

Haɗawa, da neman mata wurin zama

A ɗakin da rawuta take ake fara haɗawa, ba a inda za ta zauna ba. Soka ta kusa da rawutar, ka jira fitilarta ta daina ƙiftawa. Hanya mafi sauri ita ce maɓallin WPS: danna na rawuta, sannan cikin minti biyu ka danna na ekstenda. Za su gaisa da kansu, ekstendar ta kwafi suna da kalmar sirri.

Idan rawutarka ba ta da wannan maɓallin, ko ya ƙi yi, sai ka bi ta waya. Kashe datar wayar tukuna. Wannan ƙaramin abu ne amma yana ɓata wa mutane awa guda, domin waya idan ta ga Wi-Fi babu intanet a cikinsa sai ta koma kan data a ɓoye, shafin saitin ya ƙi buɗewa. Shiga jerin Wi-Fi ka kama sunan ekstendar, ka buɗe burauza ka rubuta adireshin da ke jikin takardarta. Na TP-Link shi ne tplinkrepeater.net, na Netgear kuma mywifiext.net. Za ta nemi ka ƙirƙiri kalmar sirrin shiga saitinta, sannan ta nuna maka duk Wi-Fi ɗin da take ji. Zaɓi naka, ka sa kalmar sirrinsa daidai, harafi babba da ƙarami. Idan tsohuwar ekstenda ce kuma rawutar sabuwa, ta yiwu rawutar tana kan tsaron WPA3 zalla, wanda ya fito a 2018, tsofaffin na'urori ba su san shi ba. Mayar da ita kan haɗakar WPA2 da WPA3.

Yanzu sai babban aikin. Cire ta, ka ɗauki wayarka da manhajar awon nan, wayar tana haɗe da rawuta. Taka daga rawutar zuwa ɗakin da ba ya samu, kana kallon lamba. Wurin da kake nema shi ne mafi nisa da har yanzu lambar ba ta wuce wajen -60 zuwa -65 ba. Nan ne tsakar gidan yaron aikenmu. Ana yawan cewa a sa ta a tsakiyar hanya, amma ba tsakiyar taku ake nufi ba. Idan bango mai kauri yana kusa da rawuta, tsakiyar na iya zama taku biyar kacal daga gare ta. Bi lamba, kada ka bi ido.

A gidanmu wurin ya faɗo a barandar ɗakin Yaya, inda ake hango ƙofar falon Umma ta gefe guda, ana hango tagar ɗakina ta ɗaya gefen. Babu soket a wurin, sai da na kira mai gyaran wuta ya ja mini ɗaya a sama kusa da silin. Sandunan wayata a ɗaki suka ragu daga cikakku zuwa uku, amma kiran bidiyo ya daina yankewa. Duk inda za ka samu ekstenda tana ganin rawuta ta ƙofa ko taga ko doguwar baranda, ya fi ta ratsa bango ko da nisan ya fi.

Yawancinsu suna da fitilar da ke nuna ko sun yi nisa da rawuta, launin ya danganta da kamfani. Tana taimakawa, amma gwajin gudu a cikin ɗakin shi ne alƙali. Gwada soket biyu ko uku kafin ka yanke hukunci. Kuma idan a baranda za ta zauna, ka tuna ta cikin ɗaki ce. Akasarinsu zafin da aka ƙayyade musu bai wuce digiri 40 ba, wanda a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko a inuwa ana wuce shi. Kada rana ta riƙa dukanta, kada feshin ruwan sama ya same ta.

Abubuwan da za su biyo baya

Ekstenda takan fito da suna irin na rawutarka da ƙarin _EXT a ƙarshe. Kana iya mayar da sunan iri ɗaya sak don waya ta riƙa sauyawa da kanta. Ni dai na fi son a bar su daban. Waya tana da naci: idan ta kama ekstenda a ɗakinka, ka dawo falo ka zauna a gaban rawuta, sai ta ci gaba da riƙe ekstendar har sai siginar ta kusa mutuwa. Idan sunan ɗaya ne ba za ka ma san wacce kake kai ba. Idan daban ne, kallo ɗaya ya isa ka sauya.

Masu buga PUBG da Call of Duty da eFootball su sani cewa kowane tsalle ƙarin jinkiri ne, kuma abin da ya fi jinkirin ciwo shi ne rashin tabbas ɗinsa, yanzu ƙasa anjima sama. In wasan na gasa ne, koma kusa da rawuta. Haɗa ekstenda a bayan wata ekstendar kuwa ban ba ka shawara ba, rabin rabi za ka samu.

Sai maganar wuta. MiFi yana da batiri, ekstenda ba ta da shi. Da an ɗauke wuta ɗakinka ya koma gidan jiya. Abin daɗin shi ne wutar da take ci 'yar kaɗan ce, ba ta kai ta ƙwan fitila na da ba, don haka idan akwai sola ko inbata a gidan ka nema mata soket ɗin da ke kan layinsu. Akwai kuma ƙanana masu bakin USB da ake iya sokawa a fawabank.

Data ma za ta fara ƙarewa da wuri, kuma za a ce ekstenda ce take sha. Ba ita ba ce. Waya idan ta ga Wi-Fi ɗauka take yi kyauta ne: Play Store ya hau sabunta manhajoji, hotuna su hau tafiya ma'ajiyar Google, WhatsApp ya sauke duk bidiyon da aka tura a guruf. A da wayoyin ɗakunan baya ba sa samun wannan damar, yanzu sun samu. A Android shiga saitin wannan Wi-Fi ɗin ka nemi inda aka rubuta Metered ka zaɓa, a iPhone kuma ka kunna Low Data Mode. Ka yi wa wayoyin ƙannenka ma.

Kuma siginar da ta kai soro ta kai waje. Samarin da ke zama a dakalin ƙofar gida yanzu suna ganin sunan Wi-Fi ɗinku da ƙarfinsa. Lambar waya ko sunan auta da shekarar haihuwa ba kalmar sirri ba ce. Sa mai tsawo, haruffa goma sha biyu ko fiye. Bayan ka gama haɗawa ka shiga saitin rawuta ka kashe WPS, musamman ɓangarensa na lambar PIN. Tun ƙarshen 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa lambar nan mai alƙaluma 8 ana iya cinkarta cikin gwaji kusan 11,000 kawai, abin da kwamfuta take gamawa cikin sa'o'i. Duk ranar da ka canza kalmar sirrin rawuta, sai ka sake haɗa ekstendar, in ba haka ba za ta ci gaba da nuna suna da cikakkun sanduna alhali babu komai a ciki.

Idan gidan ya fi ƙarfinta

Akwai gidan da duk inda ka sa ekstenda ba za ta yi ba: bene mai kankare, ko sashe biyu da fili mai faɗi a tsakani, ko shago a waje mai ƙofar ƙarfe. A nan ramin kebul ɗin nan yake amfani. Sayi kebul na intanet, Cat5e ko Cat6, ka ja shi daga bayan rawuta har cikin ɗakin, ka soka a ekstendar, ka sauya ta daga yanayin maimaitawa zuwa yanayin da ake rubuta wa AP a saiti. Yanzu ba ta sauraron rawuta ta iska, ta waya saƙo yake zuwa mata, babu rabi, babu ruwanta da bango, kuma a wannan karon a cikin ɗakin da ba ya samu ɗin za ka sa ta. Kebul ɗin yana kaiwa mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba. Ko tsohuwar rawuta da aka jefar a durowa tana iya wannan aikin. Sharaɗin kawai shi ne rawutarka ta kasance mai ramin kebul, wanda yawancin ƙananan MiFi na aljihu ba su da shi.

Akwai na'urorin da ke tura intanet ta cikin wayoyin wutar gida, amma suna so soket biyun su kasance a kan layin wuta ɗaya, kuma a gidan da ake sauyi tsakanin wutar gari da janareta da inbata sukan ba da wahala. Akwai kuma tsarin mesh, irin su Deco na TP-Link, inda na'urori biyu ko uku suke aiki da suna ɗaya suna miƙa wa juna waya yayin da kake yawo. Ya fi ekstenda daɗi nesa ba kusa ba, kuɗinsa ma haka. Shi ma ɗin dokar tsakar gida tana kansa, kowace na'ura sai tana jin 'yar'uwarta sosai.

In ka ja kebul ta waje daga wani sashe zuwa wani, sa shi cikin bututun roba, kada ka bar shi yana lilo a sama kusa da wayar wuta. Idan hadari ya taso da tsawa kuma, zare shi daga bayan rawutar har ruwan ya wuce.